Kiɗan finafinan Kirsimeti da kundayen waƙoƙin biki: tambayoyi da amsoshi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba, tashoshin finafinai na tauraron ɗan'adam da manhajojin sauraron waƙa sukan cika da kaya iri ɗaya: finafinan Kirsimeti da kaɗe-kaɗensu. Mai kallon finafinan Turawa ya san sautin nan ko da bai taɓa neman sunan wanda ya tsara shi ba. Mafi yawan wannan kiɗa a Amurka da Birtaniya aka haife shi, kuma yanayin can yake bayyanawa, wato sanyi da dusar ƙanƙara da dogon dare. Ga tambayoyin da masu sha'awar kiɗan fim suka fi yi a kansa.

Idan aka ce kiɗan fim, waƙoƙin da ke ciki ake nufi ko wani abu dabam?

Abu biyu ne. Na farko shi ne kiɗan da aka tsara musamman domin fim ɗin, wanda ke tafiya a ƙarƙashin magana da motsi, ya sa gabanka ya faɗi kafin ɓarawo ya leƙo, ya sa jikinka ya yi sanyi lokacin da uwa ta yi ido biyu da ɗanta. Yawanci babu baiti a cikinsa. Ayarin makaɗa ne ke buga shi bayan an gama ɗaukar fim, mai tsarawa yana kallon hoton yana auna kowace daƙiƙa. Na biyu su ne waƙoƙi masu baiti, ko dai an rubuta su domin fim ɗin, ko an sayi izinin tsofaffi an saka. Wanda ya tashi da finafinan Indiya da na Kannywood ya fi sabawa da na biyun, domin a can waƙa kan tsayar da labari ta ci minti biyar nata na kanta. A finafinan Hollywood na wannan zamani na farkon ne ke ɗauke da nauyin aikin, kuma shi aka fi mantawa da shi. In za ka nemi kundin wani fim ka duba da kyau, domin wasu finafinan kundi biyu suke fitarwa, ɗaya na waƙoƙi, ɗaya na kiɗa zalla.

Me ya sa daƙiƙa biyar ta isa mutum ya gane cewa kiɗan Kirsimeti ne?

Kayan kiɗan ne ke tona asiri. Na gaba-gaba su ne ƙananan ƙararrawa da ake girgizawa, irin waɗanda a da ake rataya wa dawakan da ke jan keke mai sulɓi a kan ƙanƙara, don masu tafiya a ƙasa su ji tahowarsa tunda shi keken ba ya ƙara. Sai muryoyin yara masu rerawa tare, sai manyan ƙararrawa irin na coci. Sai kuma wani abin kiɗa da ake kira salesta, wanda a ido kamar ƙaramin fiyano yake, amma gudumominsa faranten ƙarfe suke duka maimakon tsirkiya, shi ya sa sautinsa ke fita siriri, garau.

Auguste Mustel ne ya ƙera salesta a birnin Faris a 1886. Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, ya gan shi a can, ya sa aka kai masa Rasha a asirce don kada abokan sana'arsa su riga shi, ya kuma ba shi wuri na musamman a kiɗan rawar The Nutcracker da aka fara nunawa a St. Petersburg a Disambar 1892. Labarin rawar a jajibirin Kirsimeti yake faruwa, kuma tun da George Balanchine ya shirya ta a New York a 1954 ta zama abin da gidajen rawa na Amurka ke nunawa duk Disamba. Daga nan masu tsara kiɗan fim suka gaji wannan sauti, har kunnen mai kallo ya saba: da ya ji salesta ya san ana maganar yara, dare, da abin al'ajabi.

Wace waƙa ce ta buɗe wannan hanya?

Waƙoƙin coci na Kirsimeti sun yi ɗaruruwan shekaru. Amma waƙar Kirsimeti ta fim da rediyo, wadda ba ta coci ba, da "White Christmas" ta tsaya da ƙafarta. Irving Berlin ne ya rubuta, Bing Crosby ya fara rera ta a shirinsa na rediyo ranar 25 ga Disamba 1941, ƙasa da mako uku bayan harin Pearl Harbor ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 ta fito a fim ɗin Holiday Inn, ta lashe kyautar Oscar ta waƙar fim. Kundin bajinta na Guinness ya ƙiyasta an sayar da kwafi miliyan 50 na faifan Crosby. Yawan buga kwafi ya cinye faifan asali, har sai da Crosby ya koma sutudiyo a 1947 ya maimaita ta, kuma wannan maimaicin ne aka fi ji a yau. A 1954 aka yi wani fim sukutum da sunan waƙar.

Abin da ya kamata mai sauraro ya lura da shi shi ne, mai waƙar ba ya cikin bikin da yake faɗa. Mafarkin Kirsimetin da ya sani a da yake yi. Baitin buɗewa, wanda mawaƙa da yawa ke tsallakewa, ya ajiye shi a Kalifoniya cikin hasken rana da itatuwan lemo, yana begen arewa mai ƙanƙara. Sojojin Amurka da ke fagen daga a ƙasashe masu nisa suka riƙa roƙon gidajen rediyo su sa musu ita. Shi kansa Berlin Bayahude ne, an haife shi a daular Rasha a 1888, iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Amurka yana ɗan shekara biyar, kuma ɗansa jariri ya rasu ranar Kirsimetin 1928. Mutumin da ya rubuta waƙar Kirsimetin da ta fi kowace kasuwa bai tashi da bikin a gidansu ba, kuma ranar ta zamo masa ranar tuna rashi.

To me ya kawo baƙin ciki cikin waƙar murna?

Kewa ce ta kawo shi, kuma a ganina ita ce ke riƙe da wannan fanni gaba ɗaya. Waƙoƙin tsalle da dariya suna da yawa, ana yin sababbi kowace shekara, galibinsu ba sa kai wa baɗi. Waɗanda suka yi shekara saba'in ana juya su su ne masu ɗauke da begen gida, da tunanin wanda ba ya nan. Duk wanda Sallah ta taɓa riska a garin da bai san kowa ba, yana jin kabbara daga nesa babu gidan da zai shiga ya yi barka, ya san abin da waɗannan waƙoƙi ke taɓawa.

Dubi fim ɗin Meet Me in St. Louis na 1944. Uba ya yanke shawarar kwashe iyalinsa zuwa New York saboda aiki, saura kwanaki su bar gidan da suka tashi a ciki. A daren jajibiri, Judy Garland, wadda ta fito a matsayin ɗaya daga 'yan matan gidan, ta tarar da ƙanwarta, wadda Margaret O'Brien ta fito a matsayinta, zaune bakin taga ta kasa barci. Ta zauna kusa da ita ta rera mata "Have Yourself a Merry Little Christmas" don ta lallashe ta, amma muryar mai lallashin ita ma rawa take yi. Yarinyar ba ta lallasu ba. Ta sauka a guje cikin rigar barci, ta ɗauki sanda ta hau farfasa mutum-mutumin ƙanƙarar da suka gina a tsakar gida, tana kuka, tunda ba za a tafi da su ba. Uban yana kallo daga sama, kuma a daren ya fasa tafiyar. Waƙar ba ado aka yi da ita ba, ita ce ta juya labarin.

Hugh Martin da Ralph Blane ne ke da sunan rubuta ta. Baitocin farko sun fi haka ɗaci, Garland ta ce ba za ta rera wa ƙaramar yarinya su ba, aka sassauta. A 1957 Frank Sinatra ya nemi a ƙara sassauta wani layi saboda kundinsa na nishaɗi ne, kuma wannan sassautaccen shi ne ya fi yawo yanzu. Ni dai na Garland nake ba mutane shawara su nema.

Kullum sai an ambaci Home Alone. Mene ne na musamman a kiɗansa?

John Williams ne ya tsara shi a 1990, mutumin da ya yi kiɗan Jaws da Star Wars. Fim ɗin barkwanci ne na yaron da aka manta shi kaɗai a gida da ɓarayi biyu, amma Williams bai raina shi ba, ya ɗauke shi da muhimmancin da yake bai wa manyan finafinai. Kiɗan da waƙar "Somewhere in My Memory" duka sun shiga takarar Oscar.

In kana son ganin gwaninta, koma wajen da yaron ya shiga coci da yamma. Ƙungiyar yara na atisayen waƙa, ya zauna shi kaɗai a benci, tsohon maƙwabcinsu da yake jin tsoro ya zo ya zauna kusa da shi, suka yi hirar da ta nuna cewa tsohon ma kaɗaici ke cinsa. Duk tsawon hirar waƙar cocin ce kawai ke tafiya a hankali. Da ƙararrawa ta buga, yaron ya tuna ɓarayi na tafe, sai yaran suka shiga "Carol of the Bells", wadda aka gina a kan sauti huɗu kacal da ke ta maimaita kansu. Yana fita a guje Williams ya karɓe waɗannan sauti huɗu daga bakin yaran ya miƙa wa makaɗa, ya ƙara ganguna, waƙar coci ta rikiɗe ta zama kiɗan shirin yaƙi yayin da yaron ke ɗana tarkuna. Mai kallo ba ya ma lura da inda aka yi canjin.

Ita "Carol of the Bells" asalinta daga Yukren take. Mykola Leontovych ne ya tsara ta daga wata tsohuwar waƙar gargajiya ta sabuwar shekara mai suna "Shchedryk", wadda ke ba da labarin tsattsewa ta shigo gida tana yi wa maigida albishir da shekarar arziki. An rera ta a Kiyef a 1916, aka kashe Leontovych a 1921, sai a 1936 Peter Wilhousky ya sa mata baitocin Ingilishi na ƙararrawa a Amurka. Babu maganar Kirsimeti a ta asalin.

Ba na son hayaniya. Da wane kundi zan fara?

Da A Charlie Brown Christmas na Vince Guaraldi. Kiɗan wani ɗan gajeren katun ne da tashar CBS ta nuna ranar 9 ga Disamba 1965. Makaɗa uku ne kawai: fiyano, babban gogen da ake tsinka da yatsa, da ganguna da ake shafawa da burushi maimakon duka. Manyan tashar ba su yi na'am da shirin ba da suka fara ganinsa, ga kiɗan jaz a katun na yara, ga tafiyar hawainiya, amma ya karɓu nan take har ya ci kyautar Emmy. Yaran da suka yi amshi 'yan ƙungiyar waƙar wani coci ne a Kalifoniya, kuma an bar ɗan kaucewar muryarsu yadda take, ba a goge ba. Wannan rashin gogewar ne ke sa kundin ya shiga rai. Yana tafiya da karatu, da tuƙin dare, da aikin da ke son natsuwa.

Na biyu shi ne The Snowman na Birtaniya, wanda tashar Channel 4 ta fara nunawa ranar 26 ga Disamba 1982. An ɗauko shi daga littafin zane na Raymond Briggs, tsawonsa bai kai rabin awa ba, kuma a cikin labarin babu mai magana, kiɗan Howard Blake ne ke faɗin komai daga gina mutum-mutumin har narkewarsa da safe. Waƙa ɗaya ce a ciki, "Walking in the Air". Mutane da yawa sun ɗauka Aled Jones ne ya rera ta a fim ɗin saboda faifansa na 1985 ne ya yi tashe, alhali muryar Peter Auty ce, wani yaro ɗan ƙungiyar waƙar majami'ar St Paul da ke Landan.

Ni Musulmi ne. Duk waɗannan waƙoƙin ibada ne?

A'a, kashi uku ne, kuma yana da kyau mutum ya san wanda ke shiga kunnensa. Akwai waƙoƙin coci na ainihi, masu maganar haihuwar Yesu da aƙidar Kirista, irin su "Silent Night" da Joseph Mohr da Franz Gruber suka fara rerawa a ƙauyen Oberndorf na Ostiriya a 1818, da "O Holy Night" da Adolphe Adam ya yi wa kiɗa a Faransa a 1847. Waɗannan ibada ce a wurin masu su, kuma haka ya kamata a ɗauke su. Akwai na sanyi da iyali da soyayya: "Jingle Bells" ta 1857 tseren keken doki take faɗa, ba ta ambaci Kirsimeti ko sau ɗaya ba, haka ma "Let It Snow", wadda aka rubuta a Kalifoniya cikin zafin Yulin 1945. Sai kuma kiɗan fim zalla, marar baiti. Hukuncin sauraro magana ce ta malamai, kowa ya koma ga nasa. Abin da ya dace a sani a nan shi ne kundayen fim sukan gwamutsa kashi ukun, na Home Alone ma haka yake, don haka wanda ke son tacewa sai ya bi sunayen waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya.

Yaya aka yi tsofaffin waƙoƙi ke komawa saman jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa kowace Disamba?

Lissafin ne ya canza. A da faifan da aka saya ake ƙirgawa da yawan sakawa a rediyo, kuma mutum sau ɗaya yake sayen faifai. Yanzu kowane sauraro ta intanet yana shiga lissafi, kuma tun 2012 mujallar Billboard ta sassauta ƙa'idarta ta bar tsofaffin waƙoƙi su dawo jadawalin idan sun yi ƙarfi. Shi ya sa "All I Want for Christmas Is You" ta Mariah Carey, wadda ta fito a 1994, sai a Disambar 2019 ta hau mataki na ɗaya a Amurka, bayan shekara 25. Brenda Lee tana 'yar shekara 13 ta rera "Rockin' Around the Christmas Tree" a 1958, ta kai ta ɗaya a Disambar 2023 tana da shekara 78. A Birtaniya "Last Christmas" ta ƙungiyar Wham! ta fito a 1984, ba ta taka matakin farko ba sai Janairun 2021.

Fim na da hannu a ciki. Waƙar Brenda Lee ita ce ke tashi a Home Alone lokacin da yaron ya shirya bikin bogi da gumakan tallan kaya don ɓarayi su ɗauka gidan cike yake da mutane, kuma yaran da suka kalli wannan a 1990 su ne iyayen da ke danna ta a waya yau. Illar tsarin ita ce sabuwar waƙa na shan wuya kafin ta samu wurin tsayawa, tunda manhaja abin da aka riga aka sani take ta turo wa mutane.

Wanne ya fi, kundin mawaƙi ɗaya ko tarin waƙoƙin mutane daban-daban?

Tarin yana da amfani ga mai farawa, yana nuna maka faɗin filin. Sai dai a yi hattara, da yawa daga cikin masu arha ba muryoyin asali ba ne, wasu ne aka ɗauka haya suka maimaita, aka manna sunan waƙar da manyan baƙaƙe. Duba sunan mawaƙi da shekarar ɗauka kafin ka sauke.

Kundin da aka tsara shi a matsayin aiki guda ya fi daɗin zama da shi. Misalin da ba ya tsufa shi ne A Christmas Gift for You, wanda ya fito ranar 22 ga Nuwamba 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy, abin da ya sa bai yi kasuwa ba a farko. Sunan furodusa Phil Spector ne a kansa, mutumin da daga baya kotu ta kama da laifin kisan kai ya mutu yana ɗaure a 2021, amma ran kundin na matan da suka rera shi ne: Darlene Love, da The Ronettes, da The Crystals. Waƙar Darlene Love da ke ciki, ta mace mai roƙon masoyinta ya dawo gida, ita ce ke buɗe fim ɗin Gremlins na 1984. Ka ga a nan ma kewar ce, an dai lulluɓe ta da ganguna.

A Najeriya waɗanne aka fi ji?

Sunaye biyu ne suka daɗe suna riƙe da Disamba a gidajen Kirista da shagunan kaset: Jim Reeves, mawaƙin Amurka mai sanyin murya da kundinsa na 1963, da ƙungiyar Boney M, wadda Frank Farian ya haɗa a Jamus. "Mary's Boy Child" ɗinsu ta 1978 maimaici ce ta waƙar da Jester Hairston ya rubuta, Harry Belafonte ya rera a 1956, kuma kiɗanta na yankin Karibiyan ya fi kusa da kunnen Afirka a kan waƙoƙin ƙanƙara. A coci-cocin arewa kuwa, daga Jos zuwa kudancin Kaduna zuwa Adamawa, da Hausa ake rera da yawa daga waƙoƙin Kirsimeti, kuma ƙungiyoyin Zumuntar Mata na da nasu da suke yi da tulu da kacau-kacau. A Uyo ta jihar Akwa Ibom, taron mawaƙa 25,272 ya shiga kundin Guinness a Disambar 2014.

Akwai wata da za ka ci karo da ita a kusan kowane tarin Birtaniya, "Do They Know It's Christmas?" ta 1984, wadda Bob Geldof da Midge Ure suka haɗa don tara kuɗin agajin yunwar Habasha. Ta tara miliyoyin fam, wannan ba abin musu ba ne. Amma baitocinta sun zana Afirka a matsayin wurin da ba ruwan sama, ba kogi, ba abin da ke tsiro, suna kuma tambayar ko mutanen sun san Kirsimeti ta zo, alhali Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, kuma daga tafkin Tana nata ne babban reshen kogin Nilu ke tasowa. Mawaƙi Fuse ODG, ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga maimaicinta na 2014 saboda wannan dalili. Ba na sa ta a jerin da nake haɗa wa kowa.

Sauran bukukuwa fa, ba su da irin wannan kiɗa?

Suna da shi, kuma da ƙarfi. A Masar, jin "Ramadan Gana" ta Muhammad Abdul Muɗɗalib a rediyo da talabijin alama ce ta shigowar azumi, kamar yadda "Ya Lailatal Id" ta Ummu Kulsum ke sanar da daren Sallah. A Bangaladash, da an ga watan Shawwal tashoshi ke sakin waƙar da Kazi Nazrul Islam ya rubuta a 1931, Abbasuddin Ahmed ya rera. A Maleshiya tsofaffin waƙoƙin P. Ramlee da Saloma da Sudirman ne ke cika kasuwanni gab da Sallah, kuma jigon da yawansu komawa ƙauye wajen iyaye ne, ko kukan wanda bai samu komawa ba. Masu kallon Indiya kuma sun san waƙar bikin Holi ta Sholay na 1975, wadda R.D. Burman ya tsara, wadda murnarta ba ta gama sauka ba 'yan fashin Gabbar suka afka wa ƙauyen.

Mu ma muna da sautin lokaci. Daga goma ga azumi yara ke fita tashe da waƙoƙin da ba a jin su sai a wannan wata. Ranar hawa kuma kakaki da algaita da tambura ne ke shaida wa gari cewa sarki ya fito, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da take karewa. Bambancin shi ne namu a fili ake jinsa, a titi da ƙofar fada, da wuya ka samu kundi tsararre mai sunan makaɗi da gari da shekara. Wannan na damuna, domin waƙar tashen da yaran unguwa suka daina yi ba ta da wani wurin da za ta koma. Mai waya a hannu da ya ɗauki tashen unguwarsu, ya rubuta sunan wasan da unguwar da shekarar, ya yi aikin da za a gode masa nan gaba.

Die Hard fim ɗin Kirsimeti ne ko kuwa?

Turawa na wannan musu duk shekara. Ta fuskar kiɗa dai amsar a fili take: Michael Kamen ya cusa ƙananan ƙararrawa cikin kiɗan wannan fim na 1988, labarin a walimar jajibirin Kirsimeti yake faruwa, kuma da "Let It Snow" aka rufe shi.

Yaya zan haɗa jerin kaina ba tare da ya gundure ni ba?

Ka taƙaita shi. Jerin awa ɗaya da ka zaɓa da kunnenka ya fi na awa goma da manhaja ta tara maka. Kada ka sa waƙa ɗaya da muryoyi uku, zaɓi wadda ta fi kama ka ka bar sauran. Ka riƙa sa kiɗa zalla tsakanin masu baiti don kunne ya huta, kuma kada masu ƙararrawa su biyo juna fiye da biyu, domin su ne ke saurin gajiyar da mutum. In da hali ka kalli fim ɗin kafin ka saurari kundinsa, saboda kiɗan fim da hoto aka auna shi, wanda ya san wurin da aka buga shi ya fi jin daɗinsa. Salesta da burushin ganga ba sa fita a lasifikar waya, suna buƙatar abin kunne ko sifika mai ɗan kyau. Mai tattalin data kuma ya sauke jerin sau ɗaya lokacin da ya samu intanet mai arha, manhajoji irin su Spotify da Boomplay da Audiomack suna da hanyar sauraro ba tare da intanet ba, ko da yake a wasunsu sai mai biyan kuɗin wata.

Akwai wanda ake watsawa kai tsaye da ya cancanci a jira shi?

Akwai na majami'ar King's College da ke Kambirij a Ingila, ranar 24 ga Disamba da ƙarfe 3 na rana agogon can, wato ƙarfe 4 na yamma a Najeriya da Nijar. An fara shi a 1918, BBC ta fara watsa shi a 1928, kuma sashenta na duniya na ɗauke da shi. Ibadar coci ce cikakkiya, karatu tara daga Littafi Mai Tsarki da waƙoƙi a tsakaninsu, kuma tun 1983 ake sa wani mai tsara kiɗa ya rubuta sabuwar waƙa domin taron kowace shekara.

Zan iya sa waɗannan kaɗe-kaɗe a bidiyon da nake ɗorawa a YouTube ko TikTok?

A nan mutane ke yawan faɗawa rami. Haƙƙin mallaka iri biyu ne a kan kowace waƙa: na wanda ya rubuta ta, da na wanda ya ɗauki sautin. "Silent Night" da "Jingle Bells" da kiɗan The Nutcracker sun tsufa har sun zama na kowa, kana iya buga su da kanka ko ka sa ƙungiyarku ta rera, ba mai tuhumarka. Amma faifan da wani ayarin makaɗa ya ɗauka na waɗannan waƙoƙin mallakar kamfaninsa ne. Kiɗan Williams da na Guaraldi da waƙar Mariah Carey kuwa ta fuska biyun duka suna da masu su. In ka ɗora su ba izini, YouTube na iya toshe bidiyon, ko ya kashe sautin, ko ya karkatar da kuɗin tallan zuwa ga mai haƙƙin. A TikTok da Instagram ka ɗauko waƙar daga rumbun da manhajar ta tanada, kuma in shafin na kasuwanci ne ka tsaya kan rumbun da aka ware wa 'yan kasuwa, domin izinin da ke kan na sauran jama'a bai haɗa da talla ba.